Shinkafar ɓera da wutar farauta, ko barin mujiya ta yi aikinta: wanne ya fi wa manomin rani riba?

Wanda ya taɓa noman rani a Kadawa, Kura, Bunkure ko kwarin Auyo ya san hannun ɓera in ya gani. Daga kan hanya shinkafa ta yi shar, ka ce ba abin da ya same ta. Sai ka cire takalmi ka kutsa tsakiyar fangali, ka tarar an yi mata sanƙo: karare a kwance cikin ruwa, kowanne an datse shi a karkace kusa da gindi, an ci ɗan laushin ciki an bar sauran. Ɓera kan bar gefe ya faɗa tsakiya, shi ya sa mai gona ba ya farga sai ɓarna ta yi nisa. Alkama ma tana shan irin wannan, domin daga Disamba zuwa Maris, lokacin da daji ya bushe ƙamas, gonar ban-ruwa ce kaɗai koriya, kuma duk ɓeran karkara can yake nufa.

Hanya biyu ce a gaban jama'ar gari. Ta farko ita ce wadda muka saba: a sayo shinkafar ɓera a zuba, a cinna wa ciyawa wuta, samari su fita da karnuka da gora su buge duk abin da ya fito, gafiya ce, kurege ne, tunku, damo, mesa, har mujiyar da hayaƙi ya koro daga kogon kuka. Ta biyu kuwa a tantance: a ci dabbar da ke saurin haihuwa, a ƙyale wadda ke cin ɓera, a yi mata ma masauki, guba kuma sai in ta kama dole. Ni dai a fili ta biyun nake goyon baya. Amma ta farko ba sakarci ba ce, kuma wanda bai san dalilin da ya sa mutane ke riƙe da ita ba, ba zai iya raba su da ita ba.

Ga abin da ta farko ke da shi. Tana da sauri, kuma ido na gani: ka zuba da magariba, da safe ka tsinci gawa. Ba ka bukatar yardar maƙwabci. Farauta na kawo nama a tukunya da ɗan kuɗin kashewa a watannin da ba aikin damina, fatar mesa da ta guza kuma suna da masu saye, kamar yadda masu magani ke neman mujiya da ungulu. Matar da shirwa ta ɗauke wa 'yan tsaki uku a mako guda ba za ka zo mata da zancen tattalin tsuntsaye ta saurare ka ba. Wannan duk gaskiya ne.

Sai dai gubar ma iri-iri ce, kuma kowacce da inda take ciwo. Akwai mai kisa nan take, irin baƙin garin nan mai warin tafarnuwa, zinc phosphide. Wannan ɓeran da ya ɗanɗana kaɗan ya ji jiki bai mutu ba, ba zai sake kusantarta ba, don haka zubi na biyu ba ya kai na farko. Akwai kuma mai hana jini daskarewa, dangin warfarin da ƙannenta masu ƙarfi irin brodifacoum da bromadiolone. Ita ba ta kisa sai bayan kwana uku zuwa bakwai. A cikin kwanakin nan ɓera na yawo a galabaice, ya fito fili da rana tsaka, ya zama ganima mai sauƙi ga mujiya, shaho, tunku da kyanwar gida. Gubar kuwa a hanta take taruwa, ta daɗe. A Ingila, inda ake gwada gawawwakin farar mujiya a kai a kai, mafi yawansu ana samun burbushin irin wannan guba a hantarsu. Tun 1958 kuma aka gano ɓerayen da warfarin ba ta kashewa a Scotland. Sannan hanyar farko tana karo da kanta: inda aka watsa guba, naman gafiya da kuregen wurin ya zama abin tsoro. Ban da kaji, awaki da yara da ke tsintar abin da aka ajiye a sarari.

Asalin lissafin yana wajen haihuwa. Ɓeran gona mai yawan nono, wanda masana ke kira Mastomys, cikinsa kwana 23 ne ko kusa da haka, macen kan haifi goma zuwa goma sha biyu a ɗauka ɗaya, 'ya'yan kuma kafin wata uku su ma sun fara. A ce akwai ɗari a gonarka ka kashe casa'in. Cikin goman da suka rage biyar mata ne. Wata ɗaya sun zuba hamsin, ga abinci ya wadata tunda masu ci sun ragu, ga kuma baƙi na kwararowa daga gonar maƙwabcin da bai zuba komai ba. Kafin alkamar da aka shuka a Nuwamba ta isa yanka, sun dawo yadda suke. To waiwayi masu cinsu. Tunku 'ya'ya kaɗan yake haifa. Mesa sai ta yi shekaru kafin ta fara ƙwai. Manyan tsuntsaye irin gaggafa da ungulu ƙwai ɗaya suke yi a shekara. Farar mujiya ce mai ɗan hanzari a cikinsu, ƙwai huɗu zuwa bakwai, kwanci wata guda, renon wata biyu, sau ɗaya ko biyu a shekara. Idan aka yi wa ɓangarorin biyu kisan kan-mai-uwa-da-wabi, ɗaya zai farfaɗo cikin watanni, ɗaya sai bayan shekaru. A tsakanin nan gonar ta zama ta ɓera shi kaɗai.

Wannan ba hasashe ba ne, an daɗe da ganinsa. Wani masanin halittun ruwa ɗan Italiya, Umberto D'Ancona, ya bi lissafin kifin da ake kaiwa kasuwannin gaɓar tekun Adriatic. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya kamun kifi ya ja baya sosai. A tashar Fiume, kason manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu ya tashi daga kusan kashi 12 cikin 100 a 1914 zuwa 36 a 1918, da masunta suka koma ruwa gadan-gadan kuma ya sake faɗowa. Surukinsa Vito Volterra, masanin lissafi, ya fitar da dalilin a 1926: duk abin da ke kashe mai ci da wanda ake ci ba tare da zaɓi ba, in aka ɗauki dogon lokaci, wanda ake ci yake ɗagawa. Masu gonakin lemo a Kalifoniya ta Amurka sun ɗanɗana haka. Wani ƙwaro ya kusa gamawa da itatuwansu, aka kawo ɗan ƙaramin buzuzun da ke cinsa daga Ostareliya a 1888, aka sami lafiya shekara fiye da hamsin. Da aka fara fesa maganin ƙwari na DDT bayan Yaƙin Duniya na Biyu, buzuzun ya mutu, ƙwaron ya dawo.

Yanzu a auna mujiya da kuɗi, tunda kuɗi ake magana. Wanda yake son ganin aikinta da idonsa ya je gindin kukar da take kwana, ko wani kango da aka daɗe ba a shiga ba. Zai ga wasu dunƙule-dunƙule baƙi-baƙi, tsawon babban yatsa, a warwatse a ƙasa. Ba kashi ba ne, amai ne: mujiya kan haɗiye ɓera ɗungum, ta narkar da nama, ta dawo da gashi da ƙashi. Sa tsinke ka fasa ɗaya. Za ka ga ƙoƙon kai ɗan mitsitsi da haƙoran gaba biyu ruwan ɗorawa, wani lokaci kawuna biyu ko uku a dunƙule guda. Aikin dare ɗaya ke nan. A kwarin Kogin Urdun, inda aka fara kafa wa mujiya akwatuna a gonaki a 1983, daga baya manoman Isra'ila, Jordan da Falasɗinu duk suka shiga, ƙiyasin da ake yi shi ne mace da namiji da 'ya'yansu kan ci ɓera 2,000 zuwa 6,000 a shekara. A Malesiya ma an daɗe ana kafa irin waɗannan akwatuna a gonakin kwakwar manja da na shinkafa.

Mu ɗauki ƙaramin adadin. Ɓeran gona mai nauyin giram 50 kan ci kusan giram 5 a rana. Ɓera 2,000, kowanne giram 5, tsawon kwana 100 na noman rani, ya ba da kilo 1,000, wato buhu goma masu kilo ɗari. Wani zai ce ai ba duk ɓeran da mujiya ta ci ne zai yi kwana ɗari yana cin hatsi ba, wasu ciyawa suke ci, wasu da ma mutuwa za su yi. Na yarda. Raba biyu, ka sake rabawa biyu. Saura buhu biyu da rabi, kuma ba a sa kararen da ɓera ke datsewa ya bari ba, waɗanda sun fi abin da yake haɗiyewa yawa. Ɗora farashin shanshera na kasuwar Gujungu ko ta Kura a yau, ka ajiye kusa da abin da mai magani zai ba yaro a kan mujiya ɗaya. Kuɗin mai magani sau ɗaya ake karɓa, na buhunan kuwa kowace shekara. Kashe ta daidai yake da sayar da shanun huɗa ana gobe ruwan shuka.

To in haka ne, me ya sa ake kashewa? Domin wanda ke karɓar kuɗin gawar daban, masu cin moriyar rayuwarta daban. Yaron da ya harbo ta shi kaɗai ke sa kuɗin a aljihu. Buhu biyu da rabin nan kuwa a warwatse suke cikin gonaki ashirin, kowa ya sami 'yan kwanuka da bai ma san an tsare masa ba. Ba mai ita, don haka ba mai kare ta, kuma kowa na tunanin in bai ɗauka ba wani zai ɗauka. Akwai wani dalili na biyu da Colin Clark, masanin lissafi a Kanada, ya bayyana a 1973 yana magana kan manyan dabbobin teku: in dabba tana hayayyafa a hankali fiye da yadda kuɗi ke juyawa a kasuwa, mai duba aljihunsa kaɗai zai ga gara ya ƙarar da ita yau ya zuba kuɗin a wata sana'a. Wannan ne ya ci ungulu. Mayankar da a da ba ka iya ƙirga su a kanta, yau sai ka wuni ba ka ga ɗaya ba, kuma tun 2015 aka sa irin tamu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Abin yana ba ni takaici ƙwarai, domin ba wanda ya yi arziki da kuɗin ungulun nan, kuma mushen da take kwashewa yanzu karnuka da ƙudaje ne a kai.

Hanya ta biyu ma tana da nata rauni, kuma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba. Na ɗaya, ba ta da sauri. Akwatin da ka kafa bana wataƙila sai baɗi mujiya ta shiga, wataƙila ma zuma ta riga ta. Na biyu, masu cin ɓera suna rage shi ne, ba sa ƙarar da shi, kuma shekarar da ya yi ambaliya sun yi kaɗan. Binciken da aka daɗe ana yi a Morogoro ta Tanzaniya kan wannan ɓeran ya nuna ambaliyarsa kan biyo bayan ruwan sama mai yawa da ya sauka da wuri, ciyawa ta wadata ya fara haihuwa kafin lokaci. A irin wannan shekara mujiya ba za ta iya ita kaɗai ba. Na uku, in maƙwabtanka na zuba guba mai taruwa a hanta, mujiyarka gawa ce, domin ba ta san iyakar gona ba. Na huɗu, akwai abokan gaba da wannan hanya ba ta taɓawa sam. Jan-baki da ke kwana cikin kachallar Hadeja da Kirikasamma, in ya taso dubu-dubai, shaho goma ba su rage komai. Maganinsa daban ne, ko da yake feshin jirgi da ake yi masa da gubar fenthion shi ma yakan haɗa da tsuntsayen da ke cin gawarsa.

Sai maganar maciji, wadda ba ta son kwana-kwana. Ba zan ce wa kowa ya bar kububuwa ko kumurci a gidansa don suna cin ɓera ba. Ran mutum ya fi buhu. Abin da zan ce shi ne ɓera ne ke jawo su gida, kuma mesa da ke cikin daji ko bakin fadama ba ta da dafi, ba kuma dalilin bin ta har rami. A kudancin Indiya, mutanen Irula sana'arsu ke nan kamun maciji don fata. Da aka hana cinikin fatar a shekarun 1970, sai suka kafa ƙungiya a 1978, suna kamawa a tatsi dafi don haɗa maganin sara, a mayar da macijin daji. Gwanintar ba ta ɓata ba, abin da ake sayarwa ne ya sauya.

Don haka zaɓin ya danganta da inda kake tsaye.

A cikin gida da wajen rumbu, kisa kai tsaye shi ne daidai, ba tausayi. Ɓeran nan mai yawan nono shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Borno, wadda a farkon 2020 ta kashe har likitoci a Kano. Amma tarko ya fi guba a nan: sau ɗaya ake saye, ɓera ba ya zuwa ya ruɓe a rufin ɗaki, kaza ba ta ci ta mutu. A ɗauki gawar da leda ko cebur, a binne. A ɗaga rumbu, a sa wa ƙafafunsa kwano a kife, a toshe ramuka, hatsi ya shiga durom mai murfi. Wani bincike da aka buga a 2017 daga Swaziland ya gano cewa gidan da ke da kyanwa da kare tare ne ɓera ke shakkar kiwo a cikinsa, ɗayansu kaɗai bai isa ba.

A fangali, hanya ta biyu ta fi riba, da sharaɗin a yi ta tare. A kafa sanduna masu gicciye a sama, tsawon kamar mita uku, inda mujiya za ta sauka da dare, da rana kuma ƙaramin shahon nan fari-fari mai jan ido da ke tsayawa cak a iska, wanda kusan ɓera kaɗai yake ci. Akwatin katako a ɗora shi sama a inuwar itace, domin zafin Maris da Afrilu kan kashe 'ya'yan in yana cikin rana. A yanke ciyawar bakin kanal da lauje a ba dabbobi, a rage faɗin kunyar da ke tsakanin fangali yadda ɓera ba zai sami wurin rami ba. A yi shuka lokaci ɗaya, domin in wannan ya shuka yau wancan bayan wata guda, an shimfiɗa wa ɓera tabarmar haihuwa har ƙarshen rani. Manoman Indonesiya da Biyetnam suna da wata dabara da ta cancanci gwaji a nan: ɗan fili kamar mita 25 kowane gefe, a shuka shi mako biyu ko uku kafin sauran, a kewaye da leda mai tsayi, a bar ƙofofi ƙanana kowacce da tarkon keji a bayanta. Ɓeran yanki duk can zai nufa. In duk da haka ambaliya ta zo, a yi amfani da mai kisa nan take, a cikin bututu ko tukunya mai huji, kowa a dare ɗaya, da asuba a tsince gawa a binne. Lokacinta kafin shinkafa ta ɗauki ciki ne. In ta fitar da kai, ɓera ba zai bar sabon hatsi ya ci naka ba.

A daji kuma, ba hana farauta nake nema ba. Ba za ta hanu ba, kuma gafiya, kurege da zomo suna haihuwa da saurin da za su iya ɗaukar ci mai tsari, cinsu ma sauƙi ne ga mai gyaɗa da mai rogo. Wutar ce asara. Ɓeran da ke cikin rami yakan tsira, amma ciyawar makiyayi, karan da aka bari a gona, ƙananan itatuwa da maɓoyar tunku duk sun tafi, sannan ɓeran da ya fito bai sami abinci ba sai ya gangara gonar rani. Dokar gwamnati akwai ta, daga ta namun daji ta Arewa ta 1963 zuwa ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ga kuma gandun Falgore da na Baturiya da aka keɓe. Amma a bayan gari, maganar Sarkin Baka ta fi takarda tasiri. In shi da Sarkin Noma da mai unguwa suka zauna suka yanke cewa ba wuta, ba taɓa mujiya, tunku, mesa da ungulu, ba farauta daga faɗuwar ruwa har a kawar da amfani, samari za su bi. Kuma tunda manoma ne ke cin ribar, su ya kamata su biya: kwano ɗaya ko biyu daga kowace gona lokacin girbi, a ba ƙungiyar mafarauta ladan tsaron akwatuna da farautar gafiya a bakin gonaki. Da haka mafarauci zai sami abin da ya fi kuɗin gawar mujiya, kuma zai samu duk shekara.

Camfi ne zai fi ba da wahala. Mun taso ana cewa kukan mujiya a kan gida mutuwa ce, har wanda jama'a suka tsangwama ake cewa an mai da shi mujiya. A nan liman ya fi malamin gona amfani, domin hadisin da ya kore camfi da tsuntsaye, kamar yadda malamai suka yi sharhi, ya haɗa da irin wannan ɗabi'a ta Larabawan jahiliyya game da saukar mujiya a kan gida. Ɓera kuwa yana cikin biyar ɗin da aka halatta kashewa ko a Harami. Shirwa ma tana ciki, don haka mai kaji tana da hujja, sai dai akurki da rufe 'yan tsaki a makonninsu na farko sun fi sa guba a nama, wadda ba ta tambayar wanda ya zo ci.

Garin da ke shakka ba sai ya ɗauki maganar kowa ba, yana iya aunawa. A zaɓi yanki biyu masu nisa da juna, ɗaya a ci gaba da yadda aka saba, ɗaya a bi hanya ta biyu. Duk wata, da yamma, a bi kunya taki ɗari a kowane yanki a toshe duk ramin da aka gani da ƙasa, da safe a ƙirga waɗanda aka buɗe. A rubuta a littafi tare da kuɗin guba, kuɗin katako da tarko, kajin da suka mutu da buhunan da aka casa. A ba shi rani biyu, domin na farko mujiya na neman gida ne.